Windows 11 bisa tsohuwar kwamfuta: mi ke faruwa in mizajur, wato sabuntawa, ta zo?

Kusan kowane sati sai wani ya shigo shago da laftof a hammata shi ce maigida duba mini abin ga, jiya lafiya lau nike aiki da ita, da dare ta ce tana mizajur kar a kashe, da safe ta ƙi tashi. Wani kuma ba abin da ke damunshi, ya zo ne kawai a sa mishi Office, sai in leƙa in tarar Windows ɗin da ke ciki ta fi shekara ba ta samu gyaran tsaro ko guda ba, shi kuma bai ma san zancen ba. In ka bi diddigi su biyun ciwonsu ɗaya ne, an ɗora Windows 11 bisa na'urar da kamfanin Microsoft bai yarda a ɗora mata ba. Kuma irin waɗannan na'urori ba kaɗan ba ne a Maradi, yawancin waɗanda ke zo mini okaziyo ne, sun gama aikinsu a ofisoshin Turai da Amurka sannan sunka biyo ta Legas da Kano sunka ƙetaro Ɗan Isa, mai sayarwa ya goge su ya zuba musu Windows 11 don ya san in ɗalibi ya buɗe ya ga sabuwar fuska zuciyarshi za ta kwanta.

Ni ba na cikin masu cewa haramun ne a yi haka, ni ma ina ɗorawa in mutum ya nema. Abin da ke ci mini rai shi ne ana ɗorawa ba a gaya wa mai na'ura abin da zai biyo baya.

Bari mu faro daga tushe. Windows 11 ta fito ran 5 ga Oktoba 2021, kuma ta zo da sharuɗɗan da Windows 10 ba ta taɓa gindayawa ba. Ram giga 4 da wurin ajiya giga 64, waɗannan ba su ne matsala ba. Matsalar guda uku ce: na'ura ta zama tana da TPM 2.0, wani ɗan ƙaramin ma'ajin makullai ne na tsaro da ke jikin allon na'ura ko cikin furosesa kanta wato ƙwaƙwalwar na'urar, ta zama tana iya Secure Boot wato tantance abin da ke tayar da ita kafin Windows ta hau, sannan furosesarta ta kasance cikin jerin da Microsoft ta amince da shi. A wajen Intel jerin ya faro daga zubi na 8, abin da ƴan kasuwa ke cewa jenareshan, waɗanda sunka fara fita a 2017, in ka cire wasu ƴan tsiraru na zubi na 7. A wajen AMD kuma daga Ryzen 2000. To dubi abin da ke cikin shagunanmu, HP EliteBook 840 G3 zubi na 6 ce, Dell Latitude E7470 zubi na 6, ThinkPad T460 haka, Folio 9470m da EliteBook 8470p kuwa zubi na 3 ne. Na'urori masu ƙarko da za su yi maka Word da Excel da intanet ba gardama, amma duk suna waje da jerin.

Microsoft ta kawo hujjarta. A watan Agusta 2021 ta ce a gwajin da ta yi na'urorin da ba su cika sharaɗi ba sun fi sauran faɗuwa da shuɗin allo da kashi 52 cikin ɗari, kuma akwai wasu matakan tsaro da tsofaffin furosesa ke yi da wahala har na'ura ta yi nauyi. Ban ce ƙarya ba ne. Amma ni a ganina layin da anka ja ya yi tsauri ga mutane irinmu, don wanda ya tara kuɗin laftof wata shida ba zai jefar da ita ba saboda lamba ɗaya a sunan furosesa.

Shi ya sa anka samu hanyoyin zagaye. Wadda kowa ya sani ita ce Rufus, ƴar manhajar nan da muke haɗa filash ɗin ɗora Windows da ita, in ka ba ta fayil ɗin Windows 11 sai ta tambaye ka ko a cire binciken TPM da Secure Boot da ram, ka danna ka wuce. Akwai masu shiga rajistar Windows lokacin ɗorawa su rubuta BypassTPMCheck da ƴan uwanta. Ita kanta Microsoft ta taɓa wallafa wata hanya a shafinta ga wanda ke da aƙalla TPM 1.2, daga baya ta cire bayanin. Abin lura a nan shi ne duk hanyoyin ga ba su canza komi a jikin na'urarka ba, ba su sa mata TPM ba, ba su mayar da zubi na 6 ya koma na 8 ba. Mai gadin ƙofa kawai anka kauce wa.

Kwatancin da nike yi wa mutane shi ne na motar da ta shigo ƙasa ta hanyar daji ba ta bi ta duwan ba. Ta shigo, tana yawo cikin gari, injinta lafiya, in ta je gidan mai ba wanda zai tambayi takardunta, a zuba mata ta wuce. Amma duk ranar da tafiya ta kama ta bi ta shinge, sai an sake neman takardun da ba ta da su.

Mizajur ɗin Windows iri biyu ce, kuma rashin bambance su shi ke rikita mutane. Akwai ta wata-wata, wadda ke fita Talata ta biyu a kowane wata, ita ce ke toshe kafofin da ɓarayin intanet ke shiga da ƴan gyare-gyare. Wannan ita ce gidan mai. A rubuce Microsoft ta ce na'urar da ba ta cika sharaɗi ba ba ta da haƙƙin samun mizajur, kuma in wani abu ya lalace saboda rashin dacewa garantin mai ƙera na'ura bai rufe shi ba, har takan sa wani ɗan rubutu a kusurwar allo mai cewa ba a cika sharuɗɗa ba. Amma a aikace tun 2021 ta wata-wata tana sauka bisa waɗannan na'urori kamar yadda take sauka ga kowa. Wannan ne ya sa mutane sunka saki jiki, har za ka ji mai gyara shina cewa ai duk barazana ce, gashi nan tawa tana mizajur kullum.

Ba nan gizo ke saƙa ba. Akwai ta biyu, babbar, mai zuwa sau ɗaya a shekara wajen ƙarshenta, ita ce ke canza zubin Windows ɗin kanta. Ta farko 21H2, sai 22H2 a Satumba 2022, 23H2 a Oktoba 2023, 24H2 ran 1 ga Oktoba 2024, sai 25H2 a ƙarshen Satumba 2025. Wannan ita ce shinge. Kafin Windows ta miƙa maka ita sai ta sake duba na'urarka, in ta ga furosesa ba ta cikin jeri ko babu TPM 2.0, sai ta yi shiru, ba za ta kawo maka ba. Ba ta kashe maka na'ura, ba ta goge maka komi, tsallake ka kawai take yi. Kuma kowane zubi shina da wa'adi, ga Home da Pro waɗanda su ne a hannun kusan kowa wata 24 ne. 21H2 ta ƙare ran 10 ga Oktoba 2023, 22H2 ran 8 ga Oktoba 2024, 23H2 ran 11 ga Nuwamba 2025, 24H2 kuma wa'adinta 13 ga Oktoba 2026, ita 25H2 sai Oktoba 2027. Da zarar wa'adin zubinka ya cika ta wata-watan ma ta tsaya, gidan man ya rufe ke nan. Na'urar da ta cika sharaɗi ba ta ganin wannan don Windows da kanta take tura ta gaba kafin lokacin. Taka kuwa tana nan inda anka aje ta ranar da anka ɗora.

Abin da ya sa nike kiran wannan ciwon ɓoye, ba ka jin komi. Tana tashi, tana buɗe Word, tana kallon YouTube, wani lokaci ma ka ga ƴan ƙananan abubuwa na sauka na Defender, manhajar Windows mai maganin ƙwayar cuta, ka ɗauka mizajur ce ke tafiya daidai. Ko ta nuna maka gargaɗi cewa zubinka ya kai ƙarshe, in ka danna neman sabo ba abin da za ta ba ka. Kwanakin baya wata ɗaliba ta jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta kawo mini tata, tana tsakiyar rubuta memwar wato kundin gama karatu, ta ce yaya nauyi kawai take yi mini. Na duba na ga 21H2 ce a ciki, alhali ba ta fi wata takwas da sayenta ba, ma'ana wanda ya sayar mata ya yi amfani da tsohon filash ɗin da ya haɗa tun shekarun baya ya zuba mata Windows ɗin da ta riga ta mutu kafin ma ta biya kuɗi. Da wannan na'urar take shiga imel ɗinta, da ita take karɓar fayiloli daga filash ɗin ƙawaye goma. Raina ya ɓaci ƙwarai ranan, don abin da zai hana haka bai wuce shi sauke sabon fayil sau ɗaya ba.

Wani zai ce to mi ye a ciki, wa zai kulla da kwamfutata a Maradi. Ɗan uwa ƙwayar cutar kwamfuta ba ta tambayar gari. A watan Mayu 2017 wadda ake kira WannaCry ta bazu a duniya cikin ƴan kwanaki tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila sai da ta tsayar da aikinsu, alhali Microsoft ta fitar da maganin wannan kafar tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su ɗora ba su ta ci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma duk wata da ya wuce ba ka samu gyara ba wata sabuwar tsaga ce da duniya ta sani kai ba ka toshe ba. Ballantana yanzu da mutanenmu ke buɗe WhatsApp bisa kwamfuta, suna aje lissafin shago da hotunan takardun kaya a ciki.

Mafita akwai, amma da hannu ake yi. Sai an sauke cikakken fayil ɗin sabon zubi, wanda ya haura giga 5, a sake bin hanyar zagaye a ɗora shi bisa tsohon ba tare da an goge fayilolinka ba. Ka lissafa forfe nawa wannan zai ci in kai kaɗai za ka sauke, shi ya sa ya fi sauƙi a je wajen mai gyara da ya riga ya sauke sau ɗaya. Wani sa'in ana samun rangwame, don 23H2 bisa 22H2 ɗan ƙaramin fayil ne kawai ke kunna ta, haka 25H2 bisa 24H2, tushensu ɗaya. Amma daga 23H2 zuwa 24H2 sabon gini ne gaba ɗaya, kuma a nan ne na'urori da yawa sunka maƙale. Sannan hanyoyin zagayen ba su dawwama, dabarar da ta yi aiki bara ana iya toshe ta bana, masu haɗa Rufus su sake nemo wata, haka ake ta yi kamar wasan ɓuya.

Yanzu ga inda kwatancin duwan ya ƙare, don akwai abin da ba takarda ba ne. Tun daga 24H2 an gina Windows 11 ta yadda sai furosesa ta san wasu umarni da ake kira POPCNT da SSE4.2 kafin ta iya tashi ma. Da can Windows tambaya take yi, kana da kaza? ka kauce wa tambayar ka wuce. Yanzu kuwa da wannan yaren take magana tun daga numfashin farko, furosesar da ba ta jin yaren ba ta da abin yi, ko dai wajen ɗorawa a ce maka a'a, ko in an tilasta ta yi ta kunnuwa tana mutuwa ba ta kai ga allo ba. Ba Rufus ba rajista, ba wata dabara da za ta koya wa ƙarfe abin da ba a ƙera shi da shi ba. Intel ta fara sa waɗannan umarni a 2008 da zuwan Core i na farko, AMD kuma SSE4.2 sai a 2011. Ke nan duk Core 2 Duo da Core 2 Quad sun fita, irin tsofaffin Dell OptiPlex ɗin nan na tebur da ke cike da shagunan buga takardu da fotokofi da wasu makarantu masu zaman kansu. Iyakarsu 23H2, ita kuma ta ƙare tun Nuwamba 2025. Wani Alhaji mai shagon buga takardu ya taɓa aiko mini guda uku a keke-napep wai yaronshi ya gwada sabuntawa duk sun ƙi tashi, na ce mishi Alhaji ka yi haƙuri, waɗannan ba lalacewa sunka yi ba, hanyar ce ta ƙare musu, sai dai mu mayar da su baya ko mu canza musu wani abu daban.

Wannan darasin ya shafi har masu zubi na 4 da na 6 da na 7 da ke tafiya lafiya yau. Tunda kamfani bai lissafa da na'urarka ba, ba ya gwada sabon abu bisa irinta, kuma ranar da ya ga dama shi yi amfani da wani umarnin da taka ba ta da shi ba wanda zai yi maka sallama.

Sai maganar wanda na fara ambata, mai na'urar da ta kwana tana mizajur ta wayi gari ba ta tashi. A gaskiya ba kullum ne laifin rashin cika sharaɗi ba, kar mu ɗora wa abu laifin da ba nashi ba. Sau da yawa kuran ne wato wutar lantarki, batirin okaziyo ya mutu ba ya riƙe minti goma, ana tsakiyar rubuta fayilolin sistem wuta ta ɗauke, shi ke nan. Ga zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu da ta toshe fanka, ga tsohon diski mai juyawa da mizajur ke wahalarwa awa biyu uku. Amma akwai kason da ya shafi zancenmu kai tsaye, shi ne direbobi, ƴan manhajojin da ke haɗa Windows da allo da sauti da wifi da firinta. Masu ƙera na'ura sun daina sabunta direbobin tsofaffin samfura, to Windows na ta gaba direba na tsaye wuri ɗaya, ran da babbar mizajur ta zo sai ka ga haske ya ƙi raguwa, ko wifi ya ɓace, ko ta yi barci ta ƙi farkawa, ko firintar da ke ciyar da gida ta daina amsawa. Mai sabuwar na'ura in haka ta faru gyara na zuwa daga kamfani. Kai kuwa sai dai a yi ta lalube a nemo tsohon direban Windows 10 a gwada. In babbar mizajur ce ta kawo matsala akwai damar komawa zubin baya cikin kwana 10, bayan nan Windows na share tsohon, don haka kar a zauna da matsala sati biyu ana cewa za ta warware.

Wani abu kuma da 24H2 ta zo da shi wanda ya kamata masu zubi na 6 da na 7 su sani, tunda da yawansu suna da TPM, furosesa ce kawai ta hana su. In anka ɗora ta sabuwa fil kuma ka shiga da asusun Microsoft, tana iya kulle diskinka da BitLocker da kanta, makullin mai lamba 48 shina ajiye cikin wancan asusun. Abu ne mai kyau in an sace na'ura. Amma a nan sau nawa mai shago ne ke buɗe asusun da imel ɗin da shi kanshi ya manta? Ran da anka taɓa bios, wato saitunan na'ura na kafin Windows ta hau, ko allon na'ura ya samu matsala ta nemi makulli, in babu shi fayilolin sun tafi, ba mai gyaran da zai iya fiddo su.

Ban so in wuce ban taɓa waɗannan Windows ɗin da ake kira layit ba, waɗanda wasu ke yankewa su rage musu nauyi su watsa a intanet. Suna da sauri bisa ƙaramar na'ura, gaskiya ne, amma da yawa an kashe musu mizajur ko an cire sassan da take buƙata, har Defender wasu ke cirewa, kuma ba ka san hannun wa sunka bi ba. Wannan ya fi ɗora ta asali ta hanyar zagaye haɗari nesa ba kusa ba. Haka zancen aktibeshan wato kunna lasisin Windows, shi daban ne, na'ura na iya zama da lasisi na gaskiya amma ba ta cika sharaɗi ba, ko ta cika sharaɗi amma lasisin na bogi.

Masu Apple ma ba su tsira ba, nasu ma ya fi tsanani. Akwai masu ɗora macOS, sistem ɗin Apple, bisa kwamfutar da ba Apple ta ƙera ba, abin da ake kira Hackintosh, wanda ya samu tun da Apple ta koma furosesar Intel a 2006 ko da yake yarjejeniyar amfani da macOS ta hana. Akwai kuma masu tsohuwar MacBook ta 2012 ko 2015 da ke ɗora sabuwar macOS da OpenCore Legacy Patcher, manhajar da ke yi wa sistem faci don shi hau tsohuwar na'ura, ƴan gyaran hoto da bidiyon biki sun san shi. A can kowace mizajur tana share facin da anka yi wa sistem, sai na'ura ta tashi allo na jan ƙafa, wani sa'in babu wifi, sai an sake ɗora facin, kuma maimakon ɗan ƙaramin fayil cikakkiyar macOS take saukewa mai fiye da giga 10. Zubin macOS mai suna Ventura ta 2022 ta zo da buƙatar umarnin AVX2 wanda sai daga zubi na 4 na Intel, Sonoma ta 2023 ta zubar da tsofaffin katunan wifi na Broadcom. Sannan tun 2020 Apple ta koma furosesarta ta kanta da M1, kuma a watan Yuni 2025 ta faɗa da bakinta cewa macOS Tahoe 26 ita ce ta ƙarshe ga Intel. Duk wanda zai sayi MacBook mai Intel don an nuna mishi sabuwar macOS a kai, shi san wannan.

To a koma Windows 10 mana? Da wannan ce shawarata ga kowa, amma ita ma tallafinta ya ƙare ran 14 ga Oktoba 2025 bayan shekara goma. An buɗe ƙarin shekara guda ga mutane har 13 ga Oktoba 2026 ta shirin ƙarin gyaran tsaro mai suna ESU, da sharaɗin kana kan 22H2 ta Windows 10 kuma kana da asusun Microsoft, ko ka biya dalar Amurka 30 ko ka samu kyauta in ka yarda ka haɗa ajiyar saitunanka da asusun. Jinkiri ne kawai. Shi ya sa ga mai zubi na 6 ko na 7 da ram giga 8 da SSD wato diski mai sauri marar juyawa, ni ina ganin Windows 11 ta hanyar zagaye ta fi zama bisa Windows ɗin da ba ta samun gyara, muddin ya san duk shekara ko shekara biyu sai an ɗaga ta da hannu. Ga Core 2 Duo da sauran tsofaffi kuwa Linux Mint ta fi musu, wani sistem ne daban da ke maye gurbin Windows, zubi na 22 na da tallafi har 2029, kyauta ce, tana da Faransanci, tana buɗe takardun Word ta LibreOffice, sai dai a gwada firinta tukuna kafin a goge komi. Wanda kuma aikinshi ya dogara da wata tsohuwar manhaja da ba ta tafiya sai a tsohuwar Windows, shi bar ta amma shi raba ta da intanet, shi kuma kula da filash ɗin da ake soka mata.

Kafin ma a kai ga zagaye a duba bios, don na sha ganin na'urar zubi na 8 da anka yi wa dabara alhali ba ta buƙata, TPM ɗinta a kashe yake kawai, a Intel sunanshi PTT a AMD kuma fTPM, kunnawa ɗaya ta wadatar.

Magana ta ƙarshe ga abokan sana'ata masu sayarwa da masu gyara, daga babbar kasuwa har shagunan unguwar Zariya da Ali Ɗan Sofo. Kowa ya ci ladan kuturu dole shi yi mishi aski. In ka ɗora wa mutum ta hanyar zagaye ka gaya mishi, ka ɗora zubi mafi sabo ba wanda ke cikin tsohon filash ɗinka ba, ka rubuta mishi watan da zai dawo a ɗan takarda ka manna ƙarƙashin na'ura. Ba ka rasa ciniki ba, ƙari ma ka samu. Kai kuma mai saye kar i7 ta ruɗe ka, lamba ta farko bayan ɗan layin nan ita ce magana, i7-3520M zubi na 3 ce, i5-6300U na 6, i5-8250U na 8, kuma ko sunan samfuri bai isa ba don akwai ThinkPad T480 da EliteBook 840 G5 da sunka zo da zubi na 7. Wadda ke hannunka yanzu kuma, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver ka danna Enter. Ɗan akwati zai fito da lambar zubinka. In ka ga 21H2 ko 22H2 ko 23H2 ƙarƙashin sunan Windows 11, kwafe fayilolinka a filash ko wani diski yau ɗin nan, ka cika batiri, ka kai ta a ɗaga maka.